Hannun da Na Gyara

Litinin, 6 ga Oktoba, bakwai na safe

Na sake dafa gahawar mutum biyu. Sai da na zuba a kofi na biyu na tuna. Na shanye duka.

Yau kwana tara da tafiyar 'yata Maryuris. Ban buɗe ɗakinta ba.

Litinin, huɗu na yamma

Na kankare fuskar marigayi Don Abelardo daga kan allon zane. Karo na goma ke nan.

Tun watan Maris matarsa, Doña Herminia, ta tsallako titi da ɗan hotonsa wanda bai fi kwalin ashana ba, ta ce in zana mata shi babba ta rataye a falo. Shekara hamsin da ɗaya suka yi tare. Na ce mata wata ɗaya. Rigarsa mai ruwan ƙwai ta fito, hular kabarsa ta fito, kogin da ke bayansa ya fito. Fuskar ce ta ƙi. In na samu idanun sai baki ya zama na wani. In na samu bakin sai goshi ya yi nauyi. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana tsallakar da mutane a kwale-kwale, duk garinmu na Mompós an san dariyarsa. Ba zan miƙa wa matarsa baƙo ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Doña Herminia ta zo bakin taga, tana riƙe da ƙarfen tagar kamar kullum.

"Maestro Efraín, mijina ya iso ko har yanzu yana kan ruwa?"

Na ce saura kaɗan, Doña Herminia.

"Tun kafin Ista kake cewa saura kaɗan. Shi ma haka yake ce min in ya tsaya shan giya a wancan tsallaken. Juyo min shi in gani."

Na ce fentin bai bushe ba. Ƙarya ce. Babu fuska a wurin, sai wani toka-toka kamar bangon da ruwa ya ci. Ta ajiye min dafaffen rogo da cuku a kan tagar. Ta tambayi yarinya. Na ce ta je wajen ƙanwar mahaifiyarta a Barranquilla, hutu. Ta ce "Hutu," ta ɗan tsaya, sannan ta tafi tana laluben gefen titi da ƙafa. Ban taɓa lura tana yin haka ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, shida na yamma

Ba ta kira ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, uku na yamma

Wilfrido kafinta ya kawo firam ɗin katakon da za a sa zanen a ciki. Shi ba ya tsayawa a taga, shigowa yake yi kai tsaye, tun muna 'yan makaranta haka yake. Ya tsaya gaban allon ya riƙe ƙugu.

"Kai, Efraín! Ka sake yi masa aski? Bawan Allahn nan yana da rai ma bai samu aski sau goma a shekara ba."

Na ce ba ka san aikin ba.

"Ni na san kujera. In ƙafa huɗu ta taɓa ƙasa, mai ita ya zauna, an gama. Kai da za ka yi kujera, da mutanen garin nan a tsaye za su mutu."

Na yi dariya, ta farko a mako biyu, har ta ba ni tsoro da ta fito. Sai ya ce yau aka buɗe baje kolin matasa masu zane a zauren gari, ya leƙa, an bar ƙusa ɗaya a bango babu komai a kanta, sunan Maryuris yana ƙasa. Ya ce me ya faru. Na ce firam ɗin ya ɗan karkace a kusurwar hagu. Ya dube ni, ya ɗauki hularsa.

Firam ɗin kuwa ya karkace. Kaɗan ne, amma ya karkace.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ɗaya na rana

Na kira Zoila, ƙanwar marigayiya matata Nidia. Ta ce Maryuris lafiya lau, ta samu aiki a wani shagon yadi, tana yankan atamfa da leshi. Na ce a ba ta wayar. Ta ce ta shiga wanka. Ina jin rediyo, ina jin wata tana wanke kwanuka kusa da ita. Na san yadda 'yata take ajiye cokali.

Na ce tana zane kuwa?

Zoila ta ce, "Suruki, ko biro ba ta son riƙewa. Me ka yi wa yarinyar nan?"

Na ce layin ba ya da kyau.

Na soya kifi ɗaya. Na ci a tsaye.

Talata, 14 ga Oktoba, bakwai na safe

Kofi ɗaya yau. Ban san ko wannan ci gaba ba ne.

Alhamis, 16 ga Oktoba, biyar na yamma

Ruwa tun safe. Kogi ya hau matakala biyu a bakin kasuwa. Ban iya aiki a irin wannan hasken ba, sai na zauna a kujerar lilo ina kallon tsakar gida.

Babana maƙerin azurfa ne. Ina da shekara goma sha ɗaya na yi mako guda ina murɗa zaren azurfa, na yi ɗan kifi na 'yan kunne. Na kai masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya nuna min wurin da wutsiyar ta fi ɗaya gefen kauri, ya jefa shi a tukunyar narkarwa ina tsaye. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Wanda ya saya ba zai gani ba, amma kai ka gani." Na yi shekara arba'in da bakwai ina ba mutane wannan labarin da alfahari. Na ba Maryuris shi ya fi sau ashirin.

Yau da na tuna, ba maganarsa na tuna ba. Kifin na tuna. Yana da kyau, kifin nan.

Asabar, 18 ga Oktoba, goma na safe

Na buɗe ɗakin don iska ta shiga. Don iska kawai.

Ta gyara gadon. Burusanta suna cikin gwangwani, a wanke. Allon zanenta yana jingine, fuskarsa na kallon bango. Na juyo shi.

Nidia ce zaune a bakin ƙofar kicin tana fere mangwaro. Wata biyar Maryuris ta yi a kansa, ba ta da hoto, daga kanta ta ciro ta, ita da take da shekara takwas lokacin da muka binne ta. Komai na wurin na Maryuris ne, ban da hannun dama.

Hannun dama daidai yake. Ƙashi, jijiya, inuwa, babu abin da wani zai ce.

Na mayar da shi yadda na same shi.

Litinin, 20 ga Oktoba, biyu na rana

Na yi shawara zan cire abin da na sa. Na san yadda ake yi, da auduga da man goge fenti, a hankali. Na shimfiɗa allon a kan tebur ke nan Wilfrido ya shigo karɓar zartonsa da na ara. Ya ga kwalbar, ya ga allon.

Sai na faɗa masa. Ban faɗa wa kowa ba, ko wannan littafin.

Da safen ranar da za a kai zanen zaure, ta tafi kasuwa sayen igiyar ɗaure shi. Na tsaya kallonsa. Hannun Nidia ya yi girma, ya kusa kai girman fuskarta. Na sha gaya mata, ta ce ta ji. Na ce a raina alƙalan baje kolin za su yi mata dariya, za su ce 'yar Efraín Cabarcas ba ta san awon hannu ba. Na ɗauki burushi na shafe nata, na zana nawa. Minti arba'in na yi. Da ta dawo ta tsaya da igiyar a hannunta, ta daɗe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ya yi kyau, Baba. Amma wannan ba mamata ba ce." Motar ƙarfe biyu ta bi.

Wilfrido ya zauna a kan akwatin fenti. Ya ce, "Efraín, kai yaushe rabonka da zama ɗan shekara takwas? In uwarka tana fere maka mangwaro, me kake kallo, fuskarta?"

Ya nuna teburin da haɓa.

"To yanzu kuma me za ka yi da audugar?"

Na ce zan gyara.

"Za ka gyara gyaran. Ita ta ce ka taɓa?"

Ya ɗauki kwalbar ya sa a aljihun wandonsa, ya manta da zarton.

Laraba, 22 ga Oktoba, huɗu na yamma

Na yi fuskar Don Abelardo jiya. Na kankare yau. Sha ɗaya.

Ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Jumma'a, 24 ga Oktoba, sha biyu na rana

Matar Wilfrido ta raka Doña Herminia wajen likitan ido a Magangué. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi tun bara, ba ta faɗa wa kowa ba. Na dama yana rufewa daga gefe, kamar ana jan labule. Likita ya ce magani zai rage gudu, ba zai dawo da abin da ya tafi ba.

Wilfrido ya faɗa min daga bakin ƙofa, bai shigo ba. Bai yi zolaya ba. Da ma ya yi.

Asabar, 25 ga Oktoba, shida na safe

Na sa wuƙar kankarewa a cikin tulun da Nidia take ajiye wake, na rufe, na ɗora tukunya a kai. Kamar yaro. Amma na san kaina.

Litinin, 27 ga Oktoba, biyar na yamma

Kwana uku ina kan fuskar Don Abelardo. Idon hagu ya fi na dama ƙanƙanta. Na je wajen tulun sau biyu, na dawo.

Talata, 28 ga Oktoba, uku na yamma

Na sa hannu a ƙasan zanen. Bai yi ba. Na juya masa baya na ci abinci, ina jin sa a ƙeyata.

Alhamis, 30 ga Oktoba, biyar na yamma

Na ɗauke shi da kaina na tsallaka titi, fentin ko gama bushewa bai yi ba. Titin taku goma sha huɗu ne. Wata bakwai.

Tana zaune a falo, ta ce wa ke nan. Na ce ni ne, na kawo shi. Ta ce, "Kai, Abelardo, sai yanzu?" Ta sa na jingine shi a kujera kusa da taga. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa fentin, ta karkata kai, tana neman inda idonta yake da sauran hanya. Ta ja baya. Ta sake matsowa.

"Ga rigar nan. Ni na saya masa ita, ya ce ta yi masa kama da gwanda."

Na ce fuskar fa?

"Fuskar ina ganin wuri mai duhu da wuri mai haske."

Na rasa inda zan sa idona. Ta lalubo hannuna ta zaunar da ni.

"Kar ka damu, na gan shi ai. A watan Yuni, ranar da ka fita sayen burodi ka bar taga a buɗe. Na tsaya na kalle shi har ƙafata ta gaji. Shi ne, har da yadda yake ɗaga gira ɗaya in zai yi min ƙarya. Na koma gida na share wurin da zan rataye shi. Da na dawo washegari ka goge."

Na tuna wannan. Na huɗu ne. Kunnen ne bai yi min ba.

Na ce ki yafe min, Doña Herminia.

"Garin gyaran gira, Maestro. To, an rasa idon kuwa, amma ba kai ka tsone shi ba, kar ka ɗauki abin da ba naka ba. Naka dai ka sani. Yanzu gaya min, yana dariya?"

Na duba. Na ce yana shirin yi.

"To shi ne. Buga ƙusar."

Na buga. Ya ɗan karkace, ni na gani. Ta kawo min ruwan tsamiya mai sanyi, muka zauna mu uku.

Jumma'a, 31 ga Oktoba, rana

Ban yi komai ba. Inda allon yake wata bakwai akwai wani murabba'i mai tsabta a ƙasa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, shida na yamma

Ranar tunawa da matattu. Kowa da iyalinsa a maƙabarta, da furanni da bokitin farar ƙasa. Ni kaɗai na wanke kabarin Nidia. Duk shekara Maryuris ce take sake rubuta sunan da baƙin fenti, ni ina tsaye a kanta ina cewa harafin nan ya kwanta, wancan ya yi kiba. Na duba na bara. Ruwa ya ci rabinsa. Na zo da burushi, amma ban taɓa ba. Na kunna kyandir biyu.

Na yi ƙoƙarin tuna hannun Nidia, na gaske. Abin da ya zo min shi ne wanda na shafe.

Talata, 4 ga Nuwamba, tara na safe

Na je bakin kogi da takardar naɗe burodi da biro. Biro, don ba ya goguwa. Na yi wa kaina doka: in gahawar da na saya ta huce, zanen ya ƙare, ko ya yi ko bai yi ba.

Na zana wata mai sayar da kifi. Ya yi muni. Wuyanta kamar na zalɓe. Zan murƙushe sai ta fizge, ta ɗaga wa maƙwabciyarta.

"Ke, zo ki ga yadda Maestro ya rage min kilo goma kyauta!"

Ta soke shi a ƙusar rumfarta, sama da sikeli. Duk wanda ya zo sayen kifi zai ga wuyan nan, da sanin ni na yi. Na dawo gida. Ban mutu ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, tara na safe

Zane uku yau. Ɗaya ba laifi. Ban tsaya tantance wanne ba, na bayar duka.

Na wuce ta tagar Doña Herminia, na ji tana ba hoton mijinta labarin tsadar shinkafa.

Asabar, 8 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Na rubuta wa Maryuris wasiƙa sau shida tun Laraba, na yaga. Yau na gane abin da nake yi. Sai na ɗauki waya na danna wurin saƙon murya na yi magana. Na yi in'ina. Na ce "wato" ya fi sau goma. Na ce hannun naki ne, ba ni da hurumin taɓa shi, kuma ba don alƙalai na yi ba, don sunana na yi. A tsakiya jakin maƙwabta ya yi kuka. Yatsana ya je kan wurin gogewa. Na tura.

Ta saurara. Alamar ta nuna.

Litinin, 10 ga Nuwamba, shida na yamma

Shiru.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ɗaya na rana

"Ka zo Asabar. Ina tashi aiki ƙarfe biyu." Shi ke nan abin da ta rubuta. Na karanta har wayar ta mutu.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, takwas na safe, gidan Zoila

Na iso jiya da rana, rigata duk ta yamutse a mota, gumi ya zana min taswira a baya. Na so in canza kafin ta dawo, Zoila ta ce zauna, ba neman aure ka zo ba.

Maryuris ta rame kaɗan. Ta yanke gashinta. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida kawu. Muka ci shinkafar kwakwa da kifi, Zoila tana ta surutu ita kaɗai don kar shirun ya kashe mu. Da aka kwashe kwanuka na fara maimaita abin da na faɗa a waya, ta ɗaga hannu.

"Na ji, Baba. Har da jakin."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwalin da ake naɗe yadi a kai da guntun gawayi. Zoila ta dube ni, ta zare ido, ta fice tsakar gida.

"Zauna can. Kalli ƙofa. Kar ka yi magana."

Shekara talatin da biyar ina zaunar da mutane, ban taɓa zama ba. Ban san haka yake ba. Ba ka ganin komai, sai dai ka ji gawayi yana tafiya, ka ji ya tsaya, ka ji an kalle ka. Daga ƙarar kawai na san tana danna shi da yawa. Bakina ya buɗe da kansa. Na rufe. Wuyana ya ƙage. Ƙuda ya sauka a kunnena ya yi abin da ya ga dama.

Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ka cire naka daga kan zanen?"

Na ce a'a. Na so, Wilfrido ya hana ni. Yana nan yadda kika bar shi.

"Gara da ya hana ka."

Bayan kamar awa ɗaya da rabi ta juyo min da kwalin.

Na ga kurakurai uku kafin in ga komai. Ba zan rubuta su a nan ba. Da na bar su suka wuce, sai na ga wani tsoho a zaune a bakin kujera, kafaɗunsa a ɗage, ya matse baki kamar wanda ya ɓoye wani abu a ciki, yana kallon ƙofa yana jiran a zo a ce masa bai yi ba.

Ta ce, "To? Faɗi. Na ga bakinka yana motsi."

Na ce haka nake?

"Haka kake. Tun ina ƙarama."

Na ce ban sani ba. Hawaye suka zubo min. Ta ba ni tsumman da take goge hannu, na share fuska, ashe duk gawayi ne, Zoila ta leƙo ta ce Yesu, me ya samu surukina. Maryuris ta yi dariya har ta dafa bango.

Ba za ta dawo gida ba yanzu. Ta ce wataƙila bayan Kirsimeti, wataƙila a'a. Ta ce a nan ba wanda yake tsayawa a bayanta. Ban roƙe ta ba. Kwalin ma ba ta ba ni ba, ta ce somin-taɓi ne, da fenti take so ta yi, kuma zai ɗauki zama huɗu ko biyar.

Motata ƙarfe goma. Zan koma gidan nan ni kaɗai, na sani.

Ta fito yanzu da shirin zuwa coci, ta tsaya a kaina ina rubutu.

"Asabar mai zuwa, ƙarfe biyu. Ka zo da rigar nan. Kar ka wanke ta, kar ka sa mata dutsen guga."

Na ce tana wari fa.

Ta ce, "Ba warin zan zana ba."

Awa shida ce tafiyar, in hanya ta yi kyau. Na naɗe rigar yadda take na sa a jaka.